Kitsen hanta: layin da ake tsallakewa a takardar eko

Bayan babbar Salla da ƴan makonni, wani yayana da ke da shagon kayan masarufi a Sabon Gari ya kawo mini takarda in karanta masa. Duk wanda ya yi lakwal mai zurfi a cikin dangi ya san wannan aiki: takardar duwan, takardar alƙali, takardar likita, kai ake kawo wa. Ciwon ciki ne ya kai shi wani asibitin kuɗi, aka shafa masa man nan mai sanyi aka yi masa eko. Takardar ta ce ƙoda lafiya lau, maɗaciya babu tsakuwa, saifa daidai. A layi na biyu kuwa an rubuta « foie hyperéchogène, stéatose modérée », wato hanta tana haske fiye da kima a allon na'ura saboda kitsen da ya taru a cikinta. Na ce masa, Yaya, me aka gaya maka game da wannan layin? Ya ce an ce ba komai, ya dai rage maiƙo. Aka rubuta masa maganin gyambon ciki, ya biya, ya hau babur ya koma shago. Ba a auna masa hawan jini ba, ba a auna sukari ba. Shekarunsa 47, kuma tumbinsa kan riga shi shiga masallaci.

Shekaru ashirin da suka wuce, ko a Paris ne aka yi masa wannan eko, da wuya ya ji amsar da ta wuce "ba komai". Yau magana ta canja, kuma abin da ya canja ta shi ne na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Da aka sa dubban mutane cikin IRM da sikana, aka riƙa duba hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini na mutum guda a rana guda, sai aka ga hanta mai kitse ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Wannan layi da ake tsallakewa sau da yawa shi ne sanarwa ta farko cewa zuciya da ƙoda sun fara shan wahala, tun kafin mai jikin ya ji komai.

Hanta mai lafiya tana ɗauke da ɗan kitse kaɗan. Idan ya haura kashi 5 cikin 100, likitoci na kiran sa cuta. A 1980 ne wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka bayyana marasa lafiya 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya giya alhali ba su sha. Daga nan sunan ya samo asali, aka yi ta ce mata cutar hanta da ba ta barasa ba. Jaridun Faransa kuma suka laƙaba mata "maladie du soda", ciwon lemon kwalba. A watan Yunin 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka da Latin Amurka suka sake mata suna, ta koma MASLD. A sabuwar ma'anar, ba kitsen kaɗai ake dubawa ba. Sai ya haɗu da aƙalla ɗaya cikin abokan tafiyarsa: ƙiba ko faɗin ƙugu, hawan sukari, hawan jini, ko rikicewar maiƙon da ke yawo cikin jini. Ƙididdigar da aka fi dogaro da ita ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna da ita.

Cire kalmar barasa daga sunan ya fi amfani a wurinmu fiye da Turai. A Maraɗi, ka ce wa Alhajin da bai taɓa kusantar kwalba ba hantarsa ta taɓu, abu na farko da zai ji shi ne ka zage shi. Na biyu, zai tuna shawara, ya aika a sayo saiwoyi. Na uku kuma, a fara neman wanda ya yi masa sammu a kasuwa.

Abin da na'urorin suka gani

Babban rumbun wannan bincike yana Birtaniya. Tsakanin 2006 da 2010, shirin UK Biobank ya tattara mutum 500,000 masu shekaru 40 zuwa 69, suka yarda a bi lafiyarsu har ƙarshen rayuwa. Daga 2014 aka fara kiran su ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, zuciya, ciki, ƙashi da jijiyoyin wuya. A 2025 aka cika mutum 100,000. Ba a taɓa yin aikin hoton jiki mai girman wannan ba.

A 2022, masu bincike na jami'ar Oxford suka duba hotunan mutum 30,444 daga cikinsu, suka buga sakamakon a mujallar Nature Communications. Sun tarar yawan kitse da kumburi da ƙarfen da ke cikin hanta suna tafiya tare da canje-canje a siffar zuciya da aikinta, da taurin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, da girman ƙwaƙwalwa da ƙananan tabon da ke bayyana a cikinta idan ƙananan jijiyoyin jini sun gaji. Alaƙar ba ta ɓace ba ko bayan an cire lissafin shekaru, jinsi da sauran cututtuka. Shekara guda bayan haka wani bincike kan mutum sama da 33,000 na wannan rumbu ya ƙara wani abu mai muhimmanci: ma'aunin kumburi da tabon hanta da IRM ke bayarwa ya fi yawan kitsen kansa nuna wanda zai kwanta asibiti da ciwon zuciya ko rikicewar bugunta. Kenan ba kowace hanta mai kitse ba ce ke cikin haɗari iri ɗaya. Wadda kitsen ya fara ƙona ta, ta fara yin tabo, ita ce abin tsoro.

Kan ƙwaƙwalwa, an riga an ji ƙishin-ƙishin daga garin Framingham na Amurka, inda ake bin lafiyar iyalai tun 1948. A wani bincike da aka buga a 2018, an duba mutum 766, hanta da sikana, ƙwaƙwalwa da IRM. Masu kitsen hanta ƙwaƙwalwarsu ta ɗan fi ƙanƙanta, bambancin da masu binciken suka kwatanta da ƙarin tsufa na kimanin shekara huɗu. Kan ƙoda kuma, idan aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe da dama, haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda mai daɗewa ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Haɗarin ciwon sukari ya ninka. Abin da ya fi kashe masu wannan cuta ba hantar ba ce, zuciya ce da jijiyoyin jini.

A ganina, binciken da ya fi kowanne koyarwa ƙarami ne ƙwarai. A binciken da aka buga a 2011, Farfesa Roy Taylor na jami'ar Newcastle ya ɗauki mutum 11 masu ciwon sukari irin na manya, ya rage musu abinci matuƙa har mako takwas, yana auna kitsen hantarsu da na pankireyas, gaɓar da ke samar da insulin, da na'urar IRM. Cikin kwana bakwai kitsen hanta ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sukarin safiya ya dawo daidai. A ƙarshen mako takwas kitsen hanta ya sauka daga kusan kashi 13 zuwa kusan kashi 3, na pankireyas ma ya ragu, ta koma fitar da insulin kamar da. Gani ya kori ji: a karon farko an ga hanyar da cutar ke bi, kuma an ga tana komawa baya. Bayanin Taylor shi ne, idan abin da mutum ke ci ya fi abin da jikinsa ke ƙonawa shekara da shekaru, hanta kan mai da rarar kitse ta ajiye. Hantar da ta cika da kitse ba ta jin umarnin insulin, sai ta yi ta zuba sukari cikin jini ko ba a buƙata. Tana kuma tura maiƙo cikin jini, ya je ya sauka a pankireyas da bangon jijiyoyi da kewayen zuciya. Babban gwajin da ya biyo baya, DiRECT, wanda aka buga a mujallar Lancet a ƙarshen 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage nauyi ciwon sukarinsu ya lafa ba tare da magani ba bayan shekara guda, a kan kashi 4 na waɗanda aka bari kan kulawar da aka saba. Kada wani mai shan maganin sukari ya karanta wannan ya shiga horon yunwa shi kaɗai a gida. An yi gwajin ne ƙarƙashin idon likitoci, ana daidaita magani.

Akwai inda ya kamata a ja birki. Hoto yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ya nuna wanne ne ke jan wani. A 2018 masu bincike a Kopenhagen suka gwada tambayar ta wata hanya. Akwai mutanen da suka gaji wani nau'in ƙwayar halitta mai suna PNPLA3 da ke sa hantarsu tara kitse ko ba su da ƙiba. Da kitsen hanta shi kaɗai ne ke toshe jijiyoyin zuciya, da su ma sun fi kowa ciwon zuciya. Ba a tarar da haka ba. Saboda haka da yawa daga masana suna kallon hanta a matsayin mai shela da kuma abokin laifi, ba lallai uban tafiyar ba. Ga mai shago a Sabon Gari wannan muhawara ba ta canja komai. Ko hanta ce ta kunna wutar ko hayaƙin kawai take nunawa, gidan dai yana ci.

Mu ba mu cikin hoton

Kimanin kashi 94 cikin 100 na mutanen UK Biobank fararen fata ne, kuma akasari sun fi sauran ƴan ƙasarsu lafiya da abin hannu. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin an san cutar ba ta kama jinsunan mutane daidai. A wani bincike da aka buga a 2004, a birnin Dallas na Amurka, an auna kitsen hantar mutum sama da 2,000 da na'urar maganaɗisu: kashi 45 na ƴan asalin Latin Amurka suna da shi, kashi 33 na farare, kashi 24 na baƙar fata, duk da cewa ƙiba da alamun ciwon sukari ba su yi ƙaranci a cikin baƙaƙen ba. Babbar ƙididdigar duniya ta 2016 ta sa Afirka a ƙasan jeri da kusan kashi 13 zuwa 14, amma daga ƴan binciken da ba su taka kara sun karya ba. Wani da aka yi a wani asibitin koyarwa na Legas, aka buga a 2011, kan mutum 150, ya samu ƙasa da kashi 10. A 2021 Farfesa Wendy Spearman ta Cape Town da takwarorinta na ƙasashen Afirka da dama suka yi gargaɗi a wata mujallar Lancet cewa ƙarancin alƙaluma ne ke sa ake raina cutar a kudu da Sahara, alhali ƙiba da ciwon sukari suna hauhawa a birane.

Ana iya karanta alƙaluman Dallas a ce to, Allah ya hutar da mu. Ni akasin haka na fahimta. Idan jikin baƙar fata bai cika saurin ajiye kitse a hanta ba, to wanda eko ta nuna nasa a fili ya riga ya yi nisa. Ga kuma wani abu: eko ta yau da kullum ba ta ganin kitse da kyau sai ya kai kusan kashi 20 cikin 100 ko fiye. Kenan ranar da mai eko a Maraɗi ya rubuta "stéatose", ba farkon lamari yake gani ba.

A Nijar, binciken STEPS da ma'aikatar lafiya ta gudanar tare da hukumar lafiya ta duniya OMS a 2007 da 2021 ya auna hawan jini, sukari, nauyi da ƙugu. Tsarin wannan bincike bai ƙunshi hanta ba. Amma kowace rana ana yin eko ta ciki a babban asibitin jiha, a asibitin ƙwararru na Maraɗi da asibitocin kuɗi da ke cikin unguwanni. Kowace takarda tana tafiya gida da mai ita, ta ƙare cikin akwati ko ƙarƙashin katifa.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Abin da ya bambanta Maraɗi da Oxford shi ne a nan hanta tana shan duka ta fuska fiye da ɗaya. Mun san kitsen hanta tun kafin lemon kwalba, sai dai ta ƙofar yunwa. Yaron da tamowa mai kumburi ta kama, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a Gana a shekarun 1930 da sunan kwashiyoko, hantarsa cike take da kitse, saboda babu isasshen abinci mai gina jiki da zai ba ta damar fitar da shi. Duk wanda ya ga cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Madarunfa a 2005 ya ga waɗannan yara. Yau sun zama samari da ƴan mata, wasu har da nasu ƴaƴan. Har yanzu binciken abinci na ƙasa yana nuna sama da rabin ƙananan yaran jihar Maraɗi ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Tun 1992 masanan Birtaniya Hales da Barker suka nuna cewa jikin da ya taso cikin ƙarancin abinci, tun daga ciki, yakan fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini idan daga baya ya faɗa cikin wadata. Yaron ƙauyen Tibiri da ya sha wuya a goye, ya shigo birni yana ɗan shekara 15, ya yi yaron shago, ya samu jari, ya sayi babur ya daina tafiya ƙasa, shi ne ainihin wanda wannan bayani ya shafa. Ba sai ya yi ƙibar Ba'amurke ba. Ƙafafu sirara da tumbi a gaba sun isa.

Wadatar kuwa mun san kamarta. Kokon safe da sukari. Shayi zagaye uku a majalisa, kowane kofi kamar zuma. Furar da kakanninmu ke sha da nono tsagwaronta, yanzu sai an zuba mata sukari da ƙanƙara. Farar shinkafa da taliya da burodi sun ture tuwon gero daga tsakar rana. Lemon kwalba ya zama abin karɓar baƙo, na leda kuma abin rarrashin yara. Rabin sukarin da muke sha nau'in furuktos ne, wanda mafi yawansa hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya yi mata yawa kitse take mai da shi. Shi ya sa shawarar "rage maiƙo" da aka ba yayana rabin gaskiya ce. Ya bar tsiren dare, amma bai taɓa butar shayinsa ba, don ba wanda ya ce masa sukari ma kitse yake komawa. A watan azumi ma, da ya kamata hanta ta huta, da yawanmu da jarkar zoɓo mai zaƙi da soye-soye muke rama abin da muka rasa da rana.

Ɓangaren mata ya fi ban tsoro, kuma ba a cika faɗinsa ba. A wurinmu amaryar da ta yi ƙiba ita ce mijinta ya iya riƙo, wadda ta rame kuma dangi su fara tambaya ko lafiya. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda masu tallan magani ke yawo da su a tire da kan keke. Da yawansu deksametazon ne ko danginsa, maganin da likita ke bayarwa da lissafi na ƴan kwanaki. Shan sa wata da watanni yana kumbura fuska da ciki, yana haifar da hawan jini da ciwon sukari, yana kuma cika hanta da kitse. Matar da ke shan sa don kishiya ko don biki tana sayen dukan cutar da kuɗinta, a dunƙule.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. Nijar tana cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, inda sama da kashi 8 cikin 100 na jama'a ke ɗauke da ƙwayar. Allurar rigakafinsa ba ta shiga jerin na yara ba sai 2008, kenan duk wanda ya haura shekara 18 bai same ta a jarirantaka ba. Maraɗi kuma garin gyaɗa ne, da ita Alhazan farko suka yi arziki, da ita ake ƙuli-ƙuli da mai da tunkuza har gobe. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a ajiya suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo kansar hanta, kuma haɗarin yakan ninka sau da yawa ga mai ɗauke da ƙwayar B. Hantar da ke fama da waɗannan biyu, a ɗora mata kitse da ciwon sukari, ba irinta aka ɗauki hoto a Birtaniya ba.

Ba IRM ce matsalarmu ta farko ba

Duk lokacin da aka yi irin wannan magana, ƙarshenta yakan zama kira ga hukuma ta sayo na'ura. Ban ƙi ba. Amma IRM na'ura ce mai cin ɗaruruwan miliyoyin sefa, mai son wutar da ba ta ɗaukewa da sanyin da ba ya yankewa da injiniyan da ke kusa. Ko a Turai ba da ita ake tantance jama'a ba, da ita ake bincike. Amfanin binciken shi ne ya gaya wa marasa IRM inda za su duba da abin da ke hannunsu.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hanta, na sukari da na ƙiba na Turai suka fitar tare a 2024 ta fara ne da lissafin da ake kira FIB-4. Abu huɗu yake buƙata: shekarun mutum, ma'aunan hanta biyu da ake kira ASAT da ALAT, da adadin plaket na jini. Duk ɗakin awon jini na kirki a Maraɗi yana yin su, lissafin kuma wayar hannu ta isa. Ƙasa da 1.3, da wuya hanta ta yi mugun tabo, sai a mai da hankali kan zuciya da sukari. Sama da 2.67, a tura mutum wurin ƙwararre. Tsakanin biyun ne ake buƙatar FibroScan, na'urar da kamfanin Echosens na Paris ya fitar a 2003, wadda ke auna taurin hanta cikin ƴan mintoci ba tare da allura ba, akwai ma ƙaramarta da ake ɗauka a mota. Idan za a sayi wani abu domin wannan cuta a jihar nan, ita ta fi cancanta, domin ita ce kuma masu ciwon hanta nau'in B ke buƙata. Sai dai likitocinmu su kula da abin da littafin Turai ba zai tuna musu ba: zazzaɓin cizon sauro yana rage plaket, don haka FIB-4 da aka yi wa mai masassara a tsakiyar damina zai ba da tsoron ƙarya.

Magani fa? A watan Maris na 2024 Amurka ta amince da resmetirom, na farko da aka yi domin wannan cuta. Kuɗinsa na shekara a lokacin ya haura dala 47,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba, wato kusan miliyan 28 na sefa. A watan Agustan 2025 aka ƙara da semaglutide. Ba namu ba ne a yanzu. Abin da ke namu shi ne abin da wani bincike a Havana ta Kuba ya tabbatar a 2015 ta hanyar duba tsokar hanta kafin da bayan shekara guda: rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin, har tabon ma yana iya ja da baya. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 zuwa 9 ake yi. Zogalen Jiratawa da kayan lambun fadamar Gulbi suna da wurinsu a nan, a matsayin abincin da zai maye gurbin rabin kwanon taliya. Amma masu lasifika a kasuwa da ke sayar da jiƙo "mai wanke hanta" su ne na ƙarshe da mai wannan cuta ya kamata ya saurara, don jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba hantar ce dai za ta sha wahalar tace shi.

A ƙauye ma akwai abin yi ba tare da eko ba. Majo a CSI ta Tibiri ko ta Jiratawa yana da abin awon hawan jini, sau da yawa da na sukari. Zare kawai ya rage: a auna tsawon mutum da shi, a ninka biyu, a zagaya ƙugunsa daidai cibiya. Idan bai haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo, kuma hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Ingila ta ɗauki wannan ma'auni tun 2022 a matsayin alamar kitsen ciki mai haɗari.

Tun 1 ga Satumban 2024 hukumomi suka rage rabin kuɗin ganin likita da awo a asibitocin gwamnati, suka kuma sauƙaƙa wa masu wankin ƙoda. Mataki ne da talaka ya ji a aljihunsa. Amma kujerun wankin ƙoda ba su da yawa, kuma hawan jini da ciwon sukari suna cikin manyan masu cika su. Awon sukari, na ƙoda da na ƙwayar B da za a yi wa mutum ranar da eko ta nuna kitse, ko an tara kuɗinsu duka, ba su kama ƙafar abin da wata guda na wankin ƙoda ke ci ba. Abin da ya rage shi ne umarni a rubuce, daga ma'aikatar lafiya ko daga shugabannin asibitoci, cewa kalmar "stéatose" ba ta fita ɗakin eko sai da takardar waɗannan awo a manne da ita. Sashen koyon likitanci na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma yana yaye ɗalibai da kowannensu sai ya rubuta kundin kammala karatu. Rajistar ɗakunan eko na birnin nan ta shekara guda, a haɗa ta da awon jini da na ƙugu, ta isa ta ba mu alƙaluman farko na Maraɗi.

Yayana dai na matsa masa ya koma, wannan karon asibitin gwamnati. Hawan jininsa ya haura, sukarinsa yana bakin iyaka, ƙwayar B babu, FIB-4 ɗinsa ƙasa da 1.3. An ɗora shi kan maganin hawan jini, an ce ya dawo bayan wata uku. Ya koma zuwa shago da ƙafa da safe, yaronsa ya biyo shi da babur. Shayin ne har yanzu muke ja-in-ja a kai: ya yarda ya bar zagaye na uku, amma ya ce na farko da na biyu sai dai in je in yi wa ƴan majalisarsu bayani da kaina.